Zagayen Baba na Safe

Zuwa ga ƙanena, Autanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma sanyin ƙasar taku da kake ta yi mana kuka da shi? Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin zaman nesa, ya raya mana yaran, ya yi musu albarka. Mu nan sai godiya. Gwaggo ta samu sauƙin gwiwar, har ta koma faɗa da kowa, ka san alamar lafiyarta ke nan. Yaya Babba tun da ya ajiye aiki zaman gida ya ishe shi, ya koma leƙa tukunya da ƙirga ashana, matarsa ta ce gara yara goma da shi. 'Yata ta fari ta sauka lafiya ranar Laraba, an samu mace, uwa da jinjira duk ƙalau. Saboda haka ka zama kaka, sai ka daina wahalar da kanka da rina furfura, mun gani a hoto.

Na ɗauki biro ne maimakon waya domin a waya kai ne mai magana, ni ce mai kuka, har mu rabu ba mu faɗi komai ba. Maganar Baba ce. Mun tsaya a kan cewa ƙarshen watan nan mota za ta zo ta kwashe mu, ni da shi, zuwa gidan da ka kama mana a sababbin gidajen bayan gari. Da bakina na amsa maka, ban manta ba. To yau na zo in janye, kuma don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗaga waya ka fara yi mini tsakin nan naka.

Ni na jawo wannan magana tun farko, domin ni na kira ka ranar ina ihu cewa Baba ya ɓata. Ya fita bayan karin kumallo kamar kullum, da tsohuwar jakar fatar nan tasa ta gidan waya a kafaɗa. Ya saba dawowa ƙarfe sha ɗaya, sai ga sha biyu ta wuce, ga ɗaya. Na rufe shagon ɗinkina na bazama ko takalmi ban sa daidai ba. Sai wajen ƙarfe biyu mai askin bakin titi ya same shi tsaye cikin rana a gaban wani shingen kwano da aka tare lungu da shi, inda ake gina sabon kantin magani. Leɓɓansa sun bushe, rigarsa ta jiƙe da gumi. Da aka kawo shi bai san ni ba, amma wannan ba sabon abu ba ne, ya fi shekara yana kirana baiwar Allah. A ranar na sayi kwaɗo na sa wa ƙofa, kai kuma ka shiga neman gida mai katanga da mai gadi. Duk mu biyun tsoro ne ya kama mu, ban ga laifin kowa ba.

Kwana goma sha ɗaya ƙofar nan tana kulle, kuma ban taɓa ba ka labarin kwanakin nan ba saboda kunya. Kullum da safe zai yi wanka, ya sa riga, ya goge takalmi, ya rataya jaka, ya zo ya tsaya a bayan ƙofa. Ba ya bugawa, ba ya faɗa. Sai dai ya waiwayo ya tambaye ni cikin ladabi ko na san wanda yake riƙe da makulli, wai lokaci yana ƙure masa. Ina kan keken ɗinki ina taka shi da ƙarfi don kada in ji. A kwana na bakwai bai goge takalmin ba. A na tara bai sa rigar ba, ya zauna bakin gado da singileti yana kallon bango, shayin da na kai masa har ya huce bai taɓa ba. Auta, mutumin da ko ranar da Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, sai da ya tsaya ya gyara wuyan rigarsa kafin ya fito wa mutane.

Mai askin ne ya zo har gida da kayan aikinsa, da sunan zai yi wa Baba gyaran fuska. Ka tuna shi, wanda yake yi maka tal-kwabo kana birgima, yanzu shi ma ya tsufa, amma bakin yana nan. Yana gama askin ya tsare ni a tsakar gida ya wanke ni tas. Ya ce wane ne ya gaya mini Baba ya ɓata, shi da ya same shi ai bai ce haka ba. Ya ce shekara da shekaru Baba yana wuce ƙofar shagonsa ƙarfe tara da 'yan mintuna, har yana gyara agogonsa da shi, kuma mutumin da ya ɓata ba ya tsayawa wuri ɗaya awa huɗu yana fuskantar hanyar da zai bi. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa sanin inda Baba yake zuwa in ya fita. Shekara shida ke nan da na dawo gidan nan ina kula da shi, ina dafa masa, ina wanke masa, amma duk a zatona shan iska yake fita.

Washegari na cire kwaɗon, na yafa mayafi na bi shi a baya. Ba mu kai kwanar farko ba ya waiwayo ya gan ni. Na ɗauka zai ji haushi, sai ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya ko ni ce sabuwar ma'aikaciyar da aka ce za a turo masa ya nuna wa hanya. Na ce ni ce. Ya ce takalmina ba na aiki ba ne, amma yau dai zai ƙyale ni. Ashe Baba har yau aikinsa yake fita, zagayen da ya yi shekara talatin da huɗu yana yi yana raba wasiƙu, gida bayan gida, bai canza taku ɗaya ba. Kuma a wannan safiya, ni da aka haifa a unguwar nan na tsufa a cikinta, aka koya mini ita daga tushe.

Ya ce sabon ma'aikaci ba lamba yake fara koya ba, ƙasa yake fara koya. Ya tsayar da ni a ƙofar gidanmu, kan tudu, ya nuna mini da sanda. Unguwar kamar tasa take da aka ɗan karkata. Layin dogo ya tare ta ta arewa, tudunmu yana yamma, babban titi yana gabas, kuma a nan gari ya ƙare a da. Ta kudu akwai rafi, wanda mu muka tashi muka tarar an riga an binne shi cikin kwalbati, shi ya sa layin masu gyaran babura yake ɗaukar sanyi ko da bazara. Duk ruwan da ya sauka a unguwar nan can yake nufa. Ya ce in na san inda ruwa yake bi, ba zan taɓa rasa gidan kowa ba.

A cewarsa, da farko ba kowa a nan sai ciyawa da jar ƙasa. Da gari ya fara gine-ginen jan bulo, sai aka gano babu laka mai kyau kamar ta wannan kwari, masu buga bulo suka sauko suka yi ta haƙa har suka bar kududdufai bakwai. Tsakanin kowane biyu sai su bar 'yar siririyar ƙasa inda jakuna za su bi da kaya. Kakanmu yana cikin masu ƙona bulon, kuma su ne suka fara kafa bukkoki a kan tudu, saboda ruwa ba ya hawa can kuma hayaƙin ƙuna gabas yake bi. Da jirgin ƙasa ya iso, leburorin da ɗakin cikin gari ya fi ƙarfinsu suka jera ɗakuna a gefen layi. Masu wanki da guga suka kama bakin rafi. Mutanen gari suna sayen bulonmu, suna kawo mana wankinsu, amma in za su wuce sai sun toshe hanci, suna kiranmu 'yan rami. Daga baya hukumar jirgi ta riƙa juye tokar kwal a cikin kududdufan har suka cike, masu hali suka gina gidajen haya a kai. Gari ya yi ta girma ya tsallake mu ya wuce, yau ga shi mu ne 'yan tsakiya, dogayen benaye suna leƙo mana tsakar gida.

Ka tuna kana cewa duk wanda ya zana unguwarmu a buge yake, tunda babu miƙaƙƙen lungu ko ɗaya? To babu wanda ya zana ta, jakuna ne. Kowane lungu da muka yi wasa a cikinsa hanyarsu ce, yana lanƙwasa ne yana kewaye ruwan da ya daɗe da tafiya. Baba ya riƙa nuna mini bango yana cewa in duba. Gidan da ke kan cikon toka za ka ga tsaga ta taso daga ƙasan taga ta gangara, wanda ke kan asalin ƙasa kuwa lafiya lau, ko da ya fi shi tsufa. Ya ce sau uku hukuma tana canza lambobin gidaje a lokacin aikinsa, kowane sabon shugaba da nasa lissafin, shi ya sa bai taɓa yarda da lamba ba. A kansa gida yana nan ne a matsayin na uku daga kududdufin masu wanki, ko na ƙarshe kafin ramin toka, da sunan wanda ya fara gina shi.

Da muka iso filin ajiye motoci na bayan kasuwa, na miƙe zan ratsa ta tsakiya kamar yadda kowa yake yi. Wallahi sai na ji ya fizgo mayafina da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce ba ni da ido ne, nan ne mafi zurfi a cikin bakwai ɗin, jaki ya taɓa nutsewa da kayansa ba a ƙara ganinsa ba. Muka bi gefe-gefe, a kan siminti shimfiɗaɗɗe, shi a gaba ni a baya, direbobi suna gaishe shi. A nan na gane abin da ya faru ranar da na ce ya ɓata. Lungun da aka tare da kwano ɗaya ne daga hanyoyin jakunan nan. Ni da kai za mu ga titi ta dama da wani ta hagu, mu kewaya. Shi ruwa yake gani ta kowane gefe, ga wasiƙun mutane a jaka, kuma ma'aikacin kirki ba ya juyawa da wasiƙa. Sai ya tsaya yana jiran a zo a buɗe masa hanya. Ya san inda yake fiye da duk masu nemansa.

Yanzu ka ji abin da ya ƙara ba ni kunya. Jakar nan ba wofi take ba. Shekara biyu ke nan mai raba takardun kuɗin wuta yana ajiye na layukanmu a shagon mai aski, haka masu katin gayyata da masu 'yan saƙonni. Mai askin sai ya juya bayan kowace takarda ya rubuta da fensir sunan wanda ya fara gina gidan, mutanen da wasunsu sun shekara arba'in a ƙasa. Baba ya karanta fensirin, ya jera su bisa tsarin hanya, ya kai kowacce inda ta dace. An ce ko sau ɗaya bai taɓa kuskure ba. Na ga matar da ba ta fi wata uku da tarewa a unguwar ba ta fito da hannu biyu ta karɓa, ta ce masa sannu da aiki. Mai sayar da burodi tana ajiye masa kujera da ruwa a rabin hanya. Ita kuwa mai kantin maganin, yarinya ce baƙuwa, ko sunan lungun ba ta sani ba. Da mai aski ya yi mata bayani ta sa magina suna cire falle ɗaya na kwanon kowace safiya, kuma ta ce in an gama ginin za ta bar taku biyu a jikin bango don ya riƙa wucewa. Na je yi mata godiya kuka ya hana ni, ta ba ni kujera ta ce ita ma tana da tsoho a gida.

Ban yanke hukunci ba sai da na gwada naka. Ranar Asabar Yaya Babba ya ɗauke mu a motarsa muka je muka ga gidan. Gaskiya ka iya zaɓe, Allah ya saka maka da alheri. Ɗakunan da haske, ba danshi, banɗaki har da abin riƙewa, kicin ɗin kuwa sai da na shafa shi da hannu, ba zan ɓoye maka ba raina ya biya. Amma Baba yana fitowa daga mota ya dubi titunan nan miƙaƙƙu, gidaje iri ɗaya, fenti iri ɗaya, ya tambayi mai gadi ta ina ruwa yake bi a nan. Mai gadi ya nuna masa famfo. Ya sake tambayar Yaya, Yaya ya ce bai sani ba. Sai kawai ya zauna a bakin dakali ya rungume jakarsa. A cikin gidan sau uku ina nuna masa ƙofar banɗaki yana buɗe ta kicin, alhali a gida ko ido rufe ba ya kuskure. Duk tsawon zaman ba abin da yake cewa sai a mayar da shi bakin aiki. Yaya Babba da ya fi kowa goyon bayanka, a hanyar dawowa sai share hanci yake ta yi yana ɗora wa ƙura laifi.

Na san abin da yake cin ranka, Auta. Kana nesa, waya ta yi ƙara gabanka ya faɗi, kuma gidan nan shi ne abin da hannunka yake iya kaiwa daga can. Ban ɗauke shi a matsayin iko ba, ƙauna ce, na sani. Kuma ba zan yi maka ƙarya in ce unguwar nan ba haɗari. Babura suna gudu kamar an koro su, kwatoci a buɗe, ƙafarsa ba kamar da ba. Yana iya faɗuwa gobe, kuma in hakan ta faru ni za ka tambaya, na yarda. Yanzu kullum ina rufe shago daga tara zuwa sha ɗaya ina bin sa, masu ɗinki sun yi ƙorafi sun gaji sun saba, har an ƙara mini girma, jiya ya bar ni na riƙe jaka daga kasuwa zuwa layin dogo. Amma na ga abin da kwana goma sha ɗaya a kulle suka yi masa, kuma can kulle ne har ƙarshen rai, ko da ƙofa a buɗe take. A nan yana tashi da abin yi, ana jiransa, ana kiransa ma'aikaci. Ba ni da zuciyar da zan raba shi da wannan da hannuna.

Shekaranjiya na rubuta sunanka da adireshinka a jikin ambulan tun kafin in fara wasiƙar, na ajiye a kan keke na shiga kicin. Da na fito na tarar da ita a hannunsa. Ya juya bayanta yana neman rubutun fensir bai gani ba, sai ya juyo gaba ya karanta sunanka a hankali, harafi bayan harafi. Na tsaya riƙe da kofi ina kallonsa. Ya ce wannan ba ya buƙatar fensir, ya san mai ita. Gida na ƙarshe a kan tudu, mai shuɗiyar ƙofa, autan ma'aikacin gidan waya ne, wanda yake tarbar ubansa a kwanar lungu yana lalube jaka ko an aiko masa da wani abu. Ya ce wanda ya rubuta adireshin bai san aiki ba, ya sa wata ƙasa can mai nisa, alhali mutumin ɗan gidan nan ne. Ya jefa ta a jaka muka fita. Muka yi zagayen gaba ɗaya yana riƙe da ita, sai da muka hawo tudu ya ƙwanƙwasa ƙofarmu, ya jira na kewaya na buɗe daga ciki, ya miƙo mini. Ya ce in adana wa mai ita da kyau, yaron ya ɗan fita ne, yanzu zai dawo.

Ni da nake gabansa dare da rana ya manta sunana, na kuma haƙura da wannan tuntuni. Amma kai yana riƙe da kai, kuma da tudun nan da ƙofar nan yake riƙe da kai. In muka ɗauke shi daga nan ban san inda zai ajiye ka ba. Don Allah ka kira mai motar ka ce ya bari.

Ka gaida mini amaryarmu da kyau, ka ce na gode da maganin gwiwar Gwaggo, ya yi aiki har ya so ya yi yawa. Ka shafa mini kan Mai Sunan Baba da Uwar Surutu, ka ce musu ina jiran hoton da suka yi mini alkawari. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka rage ƙiba. Yaya Babba da iyalinsa, da Kawu na layin dogo, da mai jego, duk suna gaisuwa, mai aski ma ya ce in gaya maka kujerarka tana nan. Wannan wasiƙar a wata ambulan na sa ta, ni zan kai ta gidan waya da kaina. Waccan da Baba ya kawo maka tana cikin aljihun keken ɗinki, ba komai a cikinta, amma ba zan aiko ba, sai ka zo da ƙafarka ka karɓa.

Allah ya tsare, ya haɗa fuskokinmu da alheri tun yana iya karanta sunanka.

Taka har kullum,
Yayarka mai ɗinki